Naman Minti Shida

A gidanmu nama ba ya shiga mai sai ya bi ta ruwa. Haka na buɗe ido na tarar a lungunmu cikin birnin Kano, haka kuma Inna ta koya mini tun ban isa sauke tukunya ni kaɗai ba. A wanke shi, a zuba a tukunya da albasa da citta da gishiri, a bar shi ya yi ta tafarfasa har sai an tsaga da yatsa ya rabu, sannan a tsame a kwando ya tsane, a soya a man gyaɗa ko a cikin kitsensa har ya yi ƙarau. Romon kuma a ajiye don miya. Ranar suyar layya tun hantsi ake hura wuta a tsakar gida, ba a sauke kasko na ƙarshe sai an idar da isha'i, idon kowa ya yi jawur don hayaƙi. Naman da ya fito daga kaskon nan yakan yi wata biyu cikin kwalla a ƙarƙashin gadon Inna, ana ɗiba ana rufewa, ko canjawa bai yi ba. Ban taɓa tambayar dalili ba. Wa ke tambayar abin da ya sa ake tankaɗe gari kafin a tuƙa tuwo?

Shi ya sa ranar da na ga mace ta ɗauki ɗanyen nama ta jera a kasko ba tare da ya ga ruwan zafi ba, sai da na ajiye wuƙar da ke hannuna na tsaya kallon ikon Allah.

A Manchester ne, shekarar 2015. Tun Satumbar 2014 na je Ingila karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, na bar yarana biyu a hannun Inna. Gidan ɗalibai aka ba ni, mu shida mata a hawa ɗaya, kowacce da ɗakinta, kicin ɗaya muke haɗawa. Sanyin hunturu na sha shi na tsira. Abin da ya so kayar da ni azumi ne. An ɗauki azumin shekarar ranar 18 ga Yuni, daidai lokacin da yini ya fi tsawo a can. A Kano awa 14 muke yi mu sha ruwa. A Manchester rana ba ta faɗuwa sai goma saura minti ashirin na dare, kuma kafin ƙarfe uku an rufe cin sahur. Kusan awa 19 ke nan baki a rufe. Awa biyar ɗin da suka rage, a cikinsu za ki sha ruwa, ki yi magariba, ki jira isha'i wajen sha ɗaya, ki yi asham, ki ɗan runtsa in kin samu, ki tashi sahur. Ga kundin binciken da za a miƙa farkon Satumba yana zaune a wuyana.

Kwana ukun farko na dage sai na yi girki irin na gida. In dawo daga laburare, in ɗora nama, in tsaya a kansa awa ɗaya da rabi ƙafafuna na rawa, ƙamshi na dukan hancina ba halin ɗanɗanawa. Rana ta huɗu na sallama. Na koma shayi da burodi, shan ruwa da sahur, in abin ya yi kyau a haɗa da ƙwai. In Inna ta tambaya a waya me na ci, sai in ce shinkafa da miya. Allah Ya yafe mini, cikin azumi kuwa.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata Ba'amurkiya ne daga jihar Tennessee, ma'aikaciyar jinya ce da ta dawo ƙaro karatu, ta girme ni da 'yan shekaru, ba ta da yawan magana. Dukiyarta a kicin ɗin nan guda ɗaya ce: wani baƙin kasko na zubin ƙarfe mai nauyin tsiya, wanda ta ce gadon kakarta ne, ta kuma kafa doka kada wadda ta sa masa sabulu. In ta gama da shi sai ta dirje shi da gishiri, ta goge, ta shafe shi da mai, ta ajiye. Mu sauran muna zunɗenta wai ƙazanta. Ni ce ma a kan gaba, ni da na tashi ina cin wainar Goggo daga tandar da ita ma ba ta san sabulu ba tun da aka saye ta.

Daren da nake ba da labari, tara ta gota, ina yanka albasar da zan soya ƙwai, sai ga ta ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ɗora kaskon a wuta ba komai a ciki. Ta buɗe firji ta ɗauko leda, a ciki gutsattsarin nama ne, kowanne bai wuce girman dabino ba, suna kwance cikin wani baƙin ruwa. Ta juye a faranti, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsane su da takardar goge hannu kamar mai share wa jariri jiki bayan wanka. Kasko na can yana shan wuta har wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga cikinsa. Sai ta zuba mai cokali ɗaya tak, ta shiga jera naman, kowane yanka da tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ƙarar da ya yi ta cika kicin. Ita kuwa ta harɗe hannu ta tsaya. Ba ta juya ba, ba ta girgiza ba, ba ta ɗora murfi ba. Ni da ke gefe hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗauki cokali. Bayan kamar minti biyu ta bi su ta kifa kowanne, gefen da ya sha ƙarfe ya yi ja mai duhu irin na tsiren da ya fi kusa da garwashi. Aka ƙara wasu minti biyun, ta rage wuta, ta jefa ɗan curin man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ta karkata kaskon tana ɗibar man da cokali tana yi wa naman wanka. Ta juye a faranti. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Minti shida.

Na ce mata, “Wannan fa bai dahu ba.”

Ta ce in bari ya huta minti uku. Da suka cika ta yanka ɗaya ta nuna mini cikinsa. Tsakiyar ja-ja, ruwa na tsattsafowa.

Na ja da baya na ce, “Jini!”

Ranar na fara jin dariyarta. Ta ce jini ai tun a mayanka ya tsiyaye. Na san gaskiya ta faɗa, don mun karanta: launin wani furotin ne da ake kira mayogulobin, mai riƙe wa tsoka iskar da take aiki da ita, shi ne ya gauraya da ruwan jikin naman. Amma abin da kai ya sani daban, abin da ciki zai karɓa daban. Ta miƙo mini cokali mai yatsu. Na ce ban sha ruwa ba tukuna, ko na sha ma naman ba yankan Musulmi ba ne, shi kuma kaskon... Ta gane kafin in ƙarasa. Shekara da shekaru kakarta na soya naman alade a ciki kowace safiya, ga shi ba a sa masa sabulu. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, “To sai ki sayi naki.”

Ranar Asabar na hau bas zuwa Rusholme, titin Wilmslow, inda shagunan 'yan Pakistan suke a jere har da mahautan halal. Ta rubuta mini sunan wurin naman a 'yar takarda. Mahaucin ya karanta, ya juya ya dafa nasa bayan, daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu, ya ce, “Nan ne, 'yar'uwa.” Rabin kilo ya auna mini. Da na juya kuɗin zuwa naira a kaina sai da na yi salati. Kaskon kuma a wani kantin kayan girki na same shi, na rungumo shi a bas kamar ɗan goyo.

Baƙin ruwan nan da naman ke kwana a ciki, kwalabe biyu ne asalinsa. Ɗaya ruwan waken soya ne mai gishiri, irin na mutanen Sin da Japan. Ɗayar 'yar siririya mai tambarin Lea & Perrins, wadda ake haɗawa a garin Worcester tun shekarun 1830. Kafin in yarda ta taɓa namana sai da na juya bayanta na bi abin da ke ciki layi-layi, kamar yadda duk Musulmin da ya zauna a Turai ya saba. Ruwan khal, sukari, gishiri, 'yan ƙananan kifi, albasa, tafarnuwa, sai tsamiya. Na sake karantawa. Tsamiya dai, ta kunun da a watan nan ake damawa a kowane gida a Kano don shan ruwa. Na tsaya da kwalba a hannu ƙwalla ta cika mini ido. Ba'amurkiya ta ɗauka wani haram na gano a ciki, har ta fara ba ni haƙuri.

Ta nuna mini yanka: a duba yadda zaren tsoka ya kwanta, a gitta masa wuƙa, kada a bi shi. Ta nuna mini haɗi: cokali uku na ruwan waken soya, ɗaya na mai tsamiyar nan, ɗaya na mai, tafarnuwa, masoro, ɗan sukari. Na ƙara citta don kaina, don ni nama ba citta ban san shi ba. Muka ɗaure leda muka sa a firji, ta tafi ta kwanta.

Ɗaya da rabi na dare na tashi sahur, gida tsit. Na ɗora kasko. Jiran ya yi zafi ba komai a ciki, a ganina ɓarnar wuta ce, kuma wa za a koya wa suya? Na kifa ledar gaba ɗaya, nama da ruwansa, rabin kilo cur. Ban ji ƙarar nan ba. Sai ga ruwa yana ɓullowa ta ko'ina, nama ya yi toka-toka yana iyo. Na ƙure wuta. Ruwan ya ƙafe, sukari da tafarnuwa suka kama, hayaƙi ya turnuƙe kicin. Dabarar da ta faɗo mini ita ce in buɗe ƙofa in tokare ta da kujera don ya fita, wato ainihin abin da aka rubuta da jan rubutu a jikin ƙofar cewa kada a yi. Na'urar jin hayaƙi tana nan a saman lungun da ke tsakanin ɗakunanmu.

Wanda bai taɓa jin ƙararrawar gobara a irin gidajen nan ba, ba zai gane ba. Har cikin haƙori ake jin ta. Duk mutanen ginin, hawa huɗu, suka fito fili lulluɓe da barguna, wasu ba takalmi, ga yayyafi ana yi. Ni ina tsaye cikin hijabi, warin ƙonanniyar tafarnuwa na tashi daga jikina, ba wanda ya buƙaci a nuna masa mai laifi. Mai gadi ya hau ya duba ya sauko, ya tambayi wace ce a kicin na hawa na biyu. Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Kafin a bar mu mu koma ciki saura minti goma a rufe sahur. Dabino uku da ruwa na ci, a kansu na ɗauki awa 19. Sauri ya haifi nawa, kamar yadda Inna kan ce in tana faɗa.

Washegari Ba'amurkiya ba ta yi mini dariya ba, wannan ya ƙara mata girma a idona. Ta kankare kaskon da gishiri, ta sa na sake sayo nama, kwata a wannan karon. Ta ce, “Ki daina kallo, ki saurara.” Ta sa yanka ɗaya a kasko mai ɗumi-ɗumi: shiru, sai ɗan ruwa da ya tsiyayo. Ta cire, ta jira har hayaƙin nan ya fara tashi, ta sa wani: cauuu! Ta ce, “Muddin kina jin wannan, suya kike yi. Da zarar ta koma ɓul-ɓul, dahuwa kike yi.”

Abin kunyar shi ne na ci jarrabawa a kan wannan tun ina aji biyu a jami'a. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka ba shi, shi kuwa jan nan da ƙamshin gashi ba sa fitowa sosai sai zafin bayan naman ya kai wajen digiri 140, inda sukari da furotin ke haɗuwa su canja launi. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana abin a 1912, har yau da sunansa ake kiransa. Duk ɗigon ruwan da ke jikin nama sai ya ƙafe kafin a kai can, dalilin tsanewa ke nan. Kowane yanka mai sanyi kuma yana satar zafin kasko, in aka cika shi zafin ya faɗi, nama ya saki ruwa ya shiga dafa kansa. Kasko mai kauri shi ke iya riƙe zafinsa bai faɗi ba. Na rubuta duk wannan a takardar jarrabawa, ban taɓa kawo shi kusa da murhu ba.

Ragowar azumin a kan kaskon nan na ƙarasa shi. Da safe kafin in fita in yanka nama, in jiƙa, in jefa a firji. Duk saurin girkin a cikin minti biyar ɗin nan na safe yake ɓoye, ba a fafe gora ranar tafiya. A hankali na gane jiƙon ba ya shiga can ciki kamar yadda ake zato. In kin yanka za ki ga launinsa ya tsaya a baki-baki, gishiri ne kaɗai ke ratsawa sannu a hankali, shi ya sa ƙananan yanka suka fi babbar gunduwa jin haɗi. Ranar da na matsa lemun tsami da yawa na manta da shi kwana biyu, bayan naman ya yi fari ya saki kamar an tauna an ajiye, cikin kuwa yana nan yadda yake. Rabin awa ya isa in ana sauri, yini guda ya fi daɗi. Jan tsakiyar nan dai ban taɓa yarda da shi ba, nakan ƙara minti ɗaya a kowane gefe har ya ɓace, Ba'amurkiya tana cewa sau biyu nake kashe saniyar. In ci da burodi, ko kuskus, ko ragowar shinkafa. Ranar sallah, 17 ga Yuli, kasko uku na soya, mu shida muka zauna a kai, har ita.

Ƙarshen Oktoba na haɗa kaya. Kilo 23 aka yarda wa jaka, kaskon shi kaɗai ya haura biyu, sai na bar littattafai biyu masu kauri na ɗauko shi. Maigida da ya gan shi a tsakiyar tsaraba ya ce, “Yanzu duk Ingila ba ki ga abin ɗaukowa ba sai kasko? Maƙeran Kurmi ƙaura suka yi?” Na ce ya jira ya ci.

Wata Juma'a na tafi gida wuni da kaskona a buhu, zan nuna abin da na koyo. Na biya kasuwa, wani saurayin mahauci ya tare ni da “Hajiya, ga tsoka zalla, yanzu aka kawo daga kwata.” Jawur, ba ƙashi ba kitse, har ɗumi gare ta. Na yanka a gicciye, na jiƙa awa biyu da kwalaben da na zo da su, na tsane, na ɗora kasko a kurfoti, gawayi ya ba ni wutar da ta fi ta Manchester. Ƙara ta yi ƙara, launi ya yi launi, ƙamshi ya fito da matan maƙwabta leƙe. Aka zuba wa Baba a langa aka kai masa zaure.

Inna ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Ta yi ta tauna tana kallon bango. Ta ci gaba da tauna. Can ta kau da kai gefe ta fitar da shi a tafin hannu. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, “Ke 'yar nan, ƙamshi kam ya yi ƙamshi.” Ba ta ƙara ba. Sai ga ƙaramin ƙanena ya dawo da langa kusan yadda ta tafi, ya ce, “Baba ya ce an gode, Allah Ya yi albarka, wai a ajiye masa sai haƙoransa sun dawo daga tafiya.” Inna ta ce a ɗora ruwa. Ta kwashe naman Ingila ta juye a tukunya da attaruhu da albasa, bayan awa ɗaya da rabi aka sauke farfesun da kowa ya yi ta santi, ni ina zaune a gefe kamar wadda ruwa ya cinye.

Wanda ya warware mini shi ne tsohon mahaucin da Inna ke saye a wurinsa tun muna yara. Na ba shi labari, ya saurara yana wasa wuƙa, ya ce, “Da kin faɗa wa yaron abin da za ki yi da shi. Ku 'yan boko sai ku ce a ba ku marar ƙashi, kamar duk jikin sa iri ɗaya ne.” Ya ce san da na ci cinyarsa wataƙila damina huɗu ko biyar ya yi yana huɗa kafin a turke shi a yi masa kiwo a kai Wudil. Wata saniyar kuma da ƙafarta ta sha dajin Nijar shekara da shekaru. Cinya da wuya da dantse su suka yi wannan aikin, na miya ne. Ya ɗaga gefen da ke rataye ya nuna mini ciki, ƙarƙashin ƙashin baya, wata doguwar tsoka mai sirancewa a ƙarshe kamar kifi. “Wannan ba ta taɓa jan garma ba. Danna ki ji.” Yatsana ya nutse. “Biyu ce a jikin kowane sa, masu otal kuma tun asuba suke kamu. In kina so ki faɗa mini tun jiya. In babu, ki karɓi na gadon baya, shi ma masu tsire na sonsa. Kuma kada ki soya ranar da aka yanka. Ki bari ya kwana a sanyi, ya huce.”

Nan ma littafi ya riga ya faɗa mini. 'Yan awoyi bayan yanka tsoka takan sandare, sai an kwana biyu sinadaran cikinta ke fara sassauta ta. A kantunan Ingila har rubutawa ake yi a jikin leda cewa naman ya yi kwana 21 ko 28 a ɗakin sanyi, shanun kuma yawanci ba su kai shekara biyu da rabi ba ake yanka su. Namu da asuba aka yanka, ƙarfe goma yana kan tebur, azahar yana murhu, daidai lokacin da yake sandarewa.

A hanyar komawa na yi ta tunanin tukunyar Inna. Jijiyar tsohon sa ba ta jin maganar kowa sai ta ruwan zafi da lokaci, in ta narke kuma ita ce ke ba romo jiki. Rabin kilon da na cinye ni kaɗai cikin kwana biyu a Manchester, a gidanmu mutum goma sha biyar yake zagayawa ta cikin miya. Suyar ƙarau ita ce firjinmu tun kafin a kawo wuta, har yanzu ma da ake ɗauke ta. Ga tsutsar ciki da ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba, wadda na san hotonta a littafi na kuma san masu ita a asibiti. Duk wanda ya ce Bahaushe kashe nama yake yi da dahuwa, bai taɓa tauna cinyar san huɗa ba. Naman kasko girkin mutum ɗaya ne ko biyu. Yanka goma sha biyu yake ɗauka, da zafinsa ake ci, ba ya jiran wanda ya tafi masallaci, ba ya barin romo, in baƙo ya yi sallama ana cikin ci ba ruwan da za a ƙara masa ya isa.

Duk da haka ban jingine kaskon ba, don akwai daren da nakan dawo daga aiki bayan magariba yara sun ci nasu, daga ni sai maigida. Inna ce ma ta ƙarasa gyara mini shi ba tare da ta ce ta yarda ba. Wata rana ta tsinko ganyen gwandar da ke bakin rijiya, ta bubbuga shi da muciya, ta naɗe mini naman a ciki ta ce in bar shi awa biyu. Sinadarin da ke cikin farin ruwan gwanda shi ake tacewa a sayar a matsayin garin tausasa nama a kantunan Turai. Da na ga ya yi aiki sai na zaƙe, na goga ɗanyar gwanda na cakuɗa na bar shi ya kwana, da safe na tarar da abin da ya fi kama da fate. Kwalaben kuma da suka ƙare ban nemi wasu ba. Na jiƙa tsamiya na tace, na daka daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari ƙwaya biyu, na zuba man gyaɗa da ɗan zuma. Daddawa na yin aikin da ruwan waken soya ke yi, ai dukansu ƙwaya ce aka bari ta ruɓa da gangan. Sai dai tana saurin kamawa, dole a share ta sosai daga jikin naman kafin ya shiga kasko. A bakina wannan haɗin ya fi na kwalba. Inna da ta ɗanɗana ta ce, “Ashe har Ingila kika je sayen tsamiya.”

Da aka aurar da autarmu gidan ya koma daga Inna sai Baba sai yarinyar da take riƙo. Ba a daɗe ba ta aiko a ba ta aron kaskon na kwana biyu. Har yau bai dawo ba. Wata la'asar na yi sallama na tarar da ita a kan kujera 'yar tsugunno gaban kurfoti, kasko na fitar da siririn hayaƙi, nama a jere kowanne da tazarar ɗan yatsa, ta harɗe hannu ta karkata kai tana saurare. Daɗi ya kama ni. Sai idona ya faɗa kan wata 'yar tukunya a gefe tana tururi, da ragowar yankan da ke jira a kwando, duk sun yi toka-toka.

Na ce, “Inna, tafasa shi kika yi?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Tafasa ɗaya. Don haƙoran babanku. Miƙo mini man shanun nan.”